An Sa Hannu, An Ɗauki Hoto: Daga Ina Za Mu Fara Digirin Haɗin Gwiwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina koyarwa a sashen kiwon lafiyar al'umma na wata jami'a. Bara shugaban jami'armu ya sa hannu a takardar fahimtar juna da wata jami'ar ƙasar waje, aka ɗauki hotuna aka watse. Yanzu an ɗora mini nauyin shirya digiri na biyu na haɗin gwiwa da su, kuma ana so a ɗauki ɗalibai nan da wata tara. Na fara rubuta manhaja, amma jikina yana ba ni akwai abin da na tsallake. Daga ina ya kamata in fara?
Wani malami da ya nemi a sakaya sunansa

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Jikinka bai yi maka ƙarya ba. Ajiye manhajar tukuna, ka ɗauko farar takarda ka zana satifiket ɗin da ɗalibinku zai karɓa ranar da aka yaye shi. Tambarin wace jami'a ne a sama? Wa da wa za su sa hannu? Dokar wace ƙasa ce ta ba su ikon sa hannun? In ka kasa cike wannan takarda, duk abin da ka rubuta bayanta gini ne a kan yashi.

Na faɗi haka ne don na taɓa ƙonewa. Na zauna a wani kwamiti irin naka, muka shafe fiye da shekara muna jayayya kan darussa, wane zai zo kafin wane, har muka daidaita. Sai a zaman ƙarshe lauyar ɗaya jami'ar, wadda ba wanda ya tuna ya gayyace ta tun farko, ta ce dokar ƙasarsu ba ta yarda su buga tambarinsu a satifiket ɗaya da wata jami'ar waje ba. Ɗakin ya yi tsit. Dole muka koma tsarin digiri biyu, muka sake lissafi daga tushe.

Mutane suna cakuɗa waɗannan biyun. Digirin haɗin gwiwa satifiket ɗaya ne, jami'o'in suka taru suka bayar da sunansu tare. Digiri biyu kuwa kowace jami'a ta ba da nata satifiket a kan karatu guda. Tsarin satifiket biyun ya fi sauƙi a wajen doka, shi ya sa ya fi yawa, amma yana da nasa abin kunya: in aikin shekara biyu ya haifi satifiket biyu, wata hukumar tantancewa za ta tambaya ko ba a ƙirga aiki ɗaya sau biyu ba. Kada kuma suna ya ruɗe ka. A Singafo, makarantar likitanci ta Duke-NUS da aka kafa a 2005 tana ba da digirin likita da sunan jami'o'in biyu, wato Jami'ar Duke ta Amurka da Jami'ar Ƙasa ta Singafo (NUS), alhali kwalejin Yale-NUS, duk da sunan Jami'ar Yale ta Amurka da ke goshinta, digirin da ta riƙa bayarwa kafin a rufe ta na Jami'ar Ƙasa ta Singafo ne kaɗai.

Takardar fahimtar junan da shugabanku ya sa wa hannu, a gaskiya, gaisuwa ce. Kuna bukatar yarjejeniya ta biyu, mai kauri, wadda majalisar dattawan kowace jami'a za ta amince da ita, sannan hukumar da ke kula da ingancin karatu a kowace ƙasa ta duba. Ko Turai, da ta fara daidaita tsarin digirinta tun sanarwar Bolonya ta 1999, sai a 2015, a taron ministoci na Yereban, ta amince da hanyar da za a tantance shirin haɗin gwiwa sau ɗaya maimakon kowace ƙasa ta yi nata. Har yau ba duk ƙasashen ne suka shigar da ita cikin dokarsu ba. Ka auna wata taranka da wannan.

Sai lissafin karatu, inda na fi so ka daɗe. A tsarin Turai na auna nauyin karatu, wanda ake kira ECTS, shekarar karatu kiredit 60 ce, kowane kiredit kuma awa 25 zuwa 30 na duk wahalar ɗalibi, har da karatun da yake yi shi kaɗai. Amurka ta fi dogara da awannin zama a aji, digirin farko na shekara huɗu yakan kama kiredit 120 nata. Digiri na biyu a Ingila galibi shekara ɗaya ne, daidai da ECTS 90, a Jamus da Faransa kuwa yawanci shekara biyu ne, ECTS 120. Maki ma haka. A Amurka 4.0 shi ne ƙololuwa. A Jamus 1.0 ne ƙololuwa, mai 4.0 da ƙyar ya sha. Faransa tana auna ɗalibi bisa 20, ana ci da 10, kuma 16 babban abin alfahari ne, wanda in ka mayar da shi kashi 80 cikin ɗari ka kai wata ƙasar sai a ɗauke shi abin yau da kullum. Maki 70 a Ingila daraja ta ɗaya ce. Ku rubuta jadawalin musayar maki kafin ɗalibi na farko ya shiga aji, ku sa masa hannu. In kuka bari sai sakamako ya fito, kowane malami zai kare ɗalibinsa, kuma zumunci zai yi tsami.

Kalanda ba ta bukatar dogon bayani, duba kawai za ka yi: Jafan tana buɗe shekara a Afrilu, Ostareliya wajen ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, yawancin Turai a Satumba ko Oktoba. Ka ƙara da lokacin neman biza.

Kuɗi kuwa shi ake jin nauyin ambata, shi ne kuma yake kashe shiri. Ɗalibi wa zai biya, nawa, kuma yaya za a raba? In ɗaya jami'ar tana ƙasar da karatu kusan kyauta ne, kamar yawancin jami'o'in gwamnati a Jamus, ɗayar kuma da kuɗin ɗalibai take rayuwa, sai an zauna. Shirin Erasmus Mundus, da Tarayyar Turai ta fara a 2004, yana tafiya ne saboda akwai mai ɗaukar nauyi: aƙalla jami'o'i uku daga ƙasashe uku, da tallafi ga ɗaliban da aka zaɓa. Ku da ba ku da wannan gata, ku tambayi kanku ɗalibi nawa ne zai iya biyan tafiya da zama a ƙasa ta biyu. Na ga shirin da a takarda na ɓangare biyu ne, a aikace ɗalibai daga gefe ɗaya kawai suke tafiya, ɗaya jami'ar ta zama wurin ɗibar ɗalibai. Wannan ba ya daɗewa, kuma a ganina bai cancanci sunan haɗin gwiwa ba.

Akwai ƙananan tambayoyi da sai rigima ta tashi ake tunawa da su. Ɗalibin da aka kama da satar rubutu, dokar wace jami'a za ta hukunta shi, kuma ina zai ɗaukaka ƙara? Wa ke riƙe da asalin rijistar sakamako, wanda za a nema bayan shekara ashirin? Kundin bincike, mallakar wa ne? Sannan ku rubuta yadda za a rabu tun kuna shiri. Da aka sanar da rufe Yale-NUS a 2021, an bar ɗaliban da ke ciki suka ƙarasa, rukunin ƙarshe ya fita a 2025. Irin wannan alkawari ya shiga yarjejeniyarku baƙi da fari.

Game da wata tara, Malam, ka koma wurin shugabanku cikin ladabi ka ba shi abin da zai yiwu: a wannan shekarar ku fara musayar ɗalibai na zango ɗaya, kowace jami'a ta karɓi kiredit ɗin ɗayar, ko ku haɗa malamai biyu su duba kundin ɗalibi ɗaya, irin abin da Faransawa suka daɗe suna yi a digirin digirgir. Nan za ku gane ko takwaranka na can yana amsa saƙo a kan lokaci. A makon nan kuma ka nemi ganin magatakardan jami'arku da lauyanta, ka tafi musu da wannan zanen satifiket ɗin, ka roƙi takwaranka ya kai wa nasu irinsa.