Amsa ga ƙaninmu mai tsagewar hannu a kamfanin nama

Assalamu alaikum jama'a. Wannan amsar ta ƙaninmu ce da ya turo murya jiya da daddare. Ga wanda bai saurara ba, cewa ya yi wata huɗu ke nan da fara aiki a kamfanin sarrafa nama, hannunsa na ƙaiƙayi yana tsattsagewa, ƙirji kuma na ɗaurewa in an fesa maganin wanki. Yana tambaya ko ya riƙa rage maganin a ɓoye, ko ya yar da safar hannu tunda ita yake zargi. A yi min haƙuri, zan ɗan ja.

Ƙanina, ko ɗaya kada ka yi. Na daɗe a irin wannan aikin, kuma ciwon hannun nan iri biyu ne da mutane ke haɗawa. Akwai cin fata kawai: ruwa, sabulu da sinadari tun safe har yamma sun wanke maiƙon fatar, ta bushe ta dare. Wannan kowa zai iya samu. Sai kuma alaji na gaske, wanda jiki ya riga ya ƙulla gaba da wani abu, ko ɗigo ya taɓa ka sai ya tashi. Yana iya zama letes, wato robar itace da ake yin wasu safunan da ita, ko sinadaran da ake haɗa roba da su, waɗanda har a wasu safunan naitiril, wato na robar da ba letes ba, akwai su, ko ma ruwan ɗanyen naman kansa. Da ido ba a rarrabewa. Don gwajin alajin sinadarai, likitan fata zai manna maka ƴan filastoci a baya, a cire bayan awa 48, a sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu.

Ƙirjin ne ya fi damuna. Wanda ake fesawa mai warin tsami da ke sa hawaye, galibi asid ɗin farasetik ne, ga kuma kilorin. Ka lura da abu ɗaya: ranar hutu ƙirjin na sakinka, in ka koma ya dawo? In haka ne, ka rubuta ranaku da lokuta ka kai wa likita, domin asmar wurin aiki haka take farawa, kuma in an daɗe ana shaƙa tana iya zama maka ko ka bar aikin. Takunkumin fuska na takarda kuwa ba ya tare tururin sinadari, kada a ruɗe ka. Af, kada in manta, kar ka taɓa haɗa bilic, wato ruwan wanki mai kilorin, da mai asid. Na ga wanda ya yi a bokiti wai don ya fi ƙarfi, minti biyu ba a yi ba muka watse waje muna tari kamar rai zai fita. Iskar kilorin ce ya tayar.

To me ya sa na hana ka rage maganin? Hanjin saniya na ɗauke da ƙwayar cutar ikolai, na kaza da ƙwayoyin salmonela da kamfilobakta. Wuƙa ta huda hanji wajen fiɗa, shi ke nan, ta shafa wa duk abin da ta taɓa. Shi ya sa ake tsoma wuƙa a ruwan da ya kai digiri 82. A cikin ɗumi wasu ƙwayoyin na ninka kansu duk minti 20. Ƙwayar cutar listeriya kuwa sanyin firji ma bai hana ta hayayyafa ba, tana laɓewa a magudanar ruwa da lungun injin yanka. A Afirka ta Kudu tsakanin 2017 da 2018 ta kama mutum fiye da 1,000, sama da 200 suka rasu, da yawa jarirai ne, kuma aka bi sawunta har wata masana'antar nama a Polokwane. Wanda zai ci naman nan bai san ka ba, amma amanarsa na hannunka.

Kuma ga abin da ba a cika faɗa ba. Fatar da ta tsage gida ce ga ƙwayar sitafilokokas, dafin da take saki a nama kuwa ko an dafa ba ya mutuwa. Ka ga in ka cire safa, kai ka cutu, naman ma ya cutu. Daga naman kuma wata cutar na iya shiga ta tsagar nan.

Sannan a yi adalci, wasu kamfanonin su ke zabga sinadari fiye da ƙima don ganin kamar yawansa ne tsabta. Ba haka ba ne. In ba a fara kankare maiƙo da jini ba, ko nawa aka zuba a banza, ma'aikaci ne kawai ke shaƙa.

Gobe ka samu shugaban sashenku, ka faɗa masa, ka kuma rubuta a takarda ka riƙe kwafi. Ka nemi a canza maka nau'in safa, ka sa ta auduga a ciki, ka sauya in ta jiƙe da gumi, ka shafa mai bayan an tashi. Ka ce a ba ka takardar bayanin haɗari ta kowane sinadari, sashe na 8 ne ke faɗin kayan kariya. Ɗauko hotonta da na jikin jarkar ka turo nan mu duba tare. Wassalam.