Mai kaya ya riƙe mini kuɗin dako, ga shi ina shirin ƙara mota

Tambaya: Barista, babbar mota ɗaya gare ni ta dakon kaya, ina so in ƙara ta biyu. Kwanan baya tamfol ya yage a hanya, ruwa ya jiƙa buhuna, mai kayan ya ƙi biyana. Ai laifin direba ne, kuma ina da inshora. In kai mai kayan kotu?

Amsa: Malam, a ganina ka dakata tukuna. Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma a mafi yawan wurare barnar da direba ya yi a bakin aikinsa tana kan wanda ya ɗauke shi aiki. Da kai mai kaya ya yi yarjejeniya. Tun daga lokacin da aka yi lodi har a sauke, amana ce a hannunka, kuma yagaggen tamfol da wuya alƙali ya ɗauke shi a matsayin abin da ya fi ƙarfin mutum.

Inshorar ma ka sake karanta ta. Wadda aka fi tilastawa, a galibi, mutanen da motarka ta yi wa rauni ko barna a hanya take karewa. Kayan da ke bayan mota inshorarsu daban ce, sai ka saye ta.

Shi ma mai kayan bai kyauta ba. Idan buhu goma suka jiƙe cikin ɗari shida, ban ga hujjar riƙe kuɗin gaba ɗaya ba, sai dai in haka kuka rubuta. Ɗauko takardar kaya ka duba abin da mai karɓa ya rubuta kafin ya sa hannu. Ku zauna da wani da ku biyu kuka yarda da shi, a ƙiyasta asarar, a cire, ya biya saura. Shari'a na iya cin watanni, kuma mai yiwuwa ya shigar da tasa ƙarar a kanka.

Batun mota ta biyu kuwa, kafin ka ƙara ta ka sani cewa rajistar sunan kasuwanci kaɗai ba ta raba dukiyarka da bashin sana'a. Kamfani mai iyakantaccen alhaki ne ke yin haka, shi ma banda inda ka tsaya wa bashin da kanka. In biya kaɗan-kaɗan za ka sayi motar, yawanci ba taka ba ce sai ka gama biya. Ka kai wa lauya takardar sayen motar kafin ka sa hannu.