Tambayi Inna: Jan gashi ya sa manjo ta kore ni daga sitaj

Assalamu alaikum Inna. Ni ɗaliba ce, ina shekara ta biyu a wata makarantar koyon aikin jinya nan Maradi. Sati biyu da suka wuce aka yi bikin yayata, sai mu ƙannen amarya muka yi shawara kowa ta rina gashinta, aka yi mana kitso da mesh kalar zoɓo. Ran Litinin na koma sitaj, wato koyon aiki a asibiti. Ina duƙe ina gwada ma wata tsohuwa tansiyo, sai kallabina ya zame. Tsohuwar ta janye hannunta, ta ce a kira mata ta kirki. Manjo, shugabar masu jinyar wurin, ta zo, gaban marasa lafiya ta ce nan ba gidan rawa ba ne, in tafi gida sai na koma mutum. Ta yi faɗa kuma kan akaifun roba da na manna, amma ba wannan ya dame ni ba. Inna, launin gashi yana hana mutum iya allura? Ban taɓa faɗuwa jarrabawa ba. Ƙawayena sun ce in tsaya kan haƙƙina, mamata ta ce in sayo baƙin rini in shafe maganar.

Daga ɗiyarki, unguwar Zariya

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya ba yayarki zaman lafiya.

Launin gashi ba ya hana iya allura, kuma ƙwayar cuta ba ta san ja daga baƙi ba. Na yi shekaru ina aikin nan har na aje buluz ɗina, ban taɓa ganin miki ya ruɓe don gashin mai wanke shi ja ne ba. Manjo kuma ba ta kyauta ba da ta tsinka ki gaban marasa lafiya. Ɗaliba gefe ake janta a yi mata faɗa.

Sai dai kin bi ta kan babbar maganar da gudu, kika tsaya kan ƙarama. Akaifun roba. Da ni ce manjo, da gashinki sai in ce ki gyara ɗaurinki ki ci gaba da aiki, amma akaifun nan da ba ki ƙara taɓa ko da auduga ba. Tsakanin akaifar Allah da ta kanti akwai ƴar kafa da danshi ke kwana ciki, sabulu ba ya kai nan, ruwan alkol ba ya kai nan. Ƙa'idojin tsabtar hannu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2009 sun faɗi ƙarara: mai taɓa marasa lafiya kada ta sa akaifar roba, tata kuma kada tsawonta ya wuce rabin santimita. Wanke hannu da ruwa da sabulu daƙiƙa 40 zuwa 60 ne, shafa alkol 20 zuwa 30. Ki yi duk wannan daidai, akaifar roba ta rushe miki shi. Ga ta da huda safar hannu. Ki tuna da hannun nan za ki gyara cibiyar jinjiri ɗan kwana biyu. Zobe da warwaro su ma a bar su gida.

To mu dawo kan gashi. Ki san wadda kika duƙa gabanta. Tsohuwar nan watakila tun asuba ta baro wani ƙauye na Madarunfa ko Gidan Rumji, ta sayar da akuya kafin ta zo. Ba ta ga takardun jarrabawarki ba, kuma ko ta gani ba ta iya karantawa. Da ido kaɗai za ta auna ki. A garinsu, babbar mace mai jan gashi ana ce mata ƴar bariki, wadda ta sha yawon duniya. Saurayi in ya mai da gashinsa ruwan ƙwai irin na ƴan ƙwallo, nan take a ce ɗan tiramol ne, ko da kuwa shi ke sahun gaba a masallaci. Abin da ke ba ni dariya, Alhaji zai rina gemunsa da lalle ya yi jawur kamar garwashi, a riƙa ce masa masha Allah, ya raya sunna. Kuma da gaske akwai asali: ranar da aka buɗe Makka an kawo Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyadina Abubakar, kansa da gemunsa fari fat, Annabi (SAW) ya ce a canza masa launin, a guji baƙi. Hadisin yana cikin Muslim. Sauran bayani na malamai ne, ni ba malama ba ce. Abin da nake nuna miki, jan nan ɗaya ne, wanda ya sa shi ake kallo. Zato ne kawai, kuma zaton banza.

Akwai wani abu kuma da ku yaran yanzu ba ku gani ba. A 2005, shekarar yunwar nan da ƙungiyar likitoci ta MSF ta cika Maradi da cibiyoyin tamowa, na yi aiki da yara. Uwa za ta kwance goyo, kafin in ɗaura ma yaron tef ɗin awo a dantse in ga ko ya faɗa ja, kansa nake fara dubawa. Gashi ya yi ja-ja, ya yi laushi kamar gashin masara, in ka shafa ya biyo hannunka, ga ƙafafu sun kumbura. Kwashiyoko ke nan. Har yau in na hangi jan kai a kasuwa sai gabana ya faɗi kafin in gane na shago ne. Uwayen da suka bi layin nan su ne kakanni yanzu. Jan gashi a idonsu bai taɓa zama ado ba.

Shi ya sa ba zan ce miki ki tsaya kan haƙƙinki ba. Ƙawayen da ke zuga ki, ba su za su sa hannu a littafin shaidar sitaj ɗinki ba. Mai jinya da mara lafiya ya janye ma hannu, iliminta yana cikin kanta, amma tansiyon bai gwadu ba. In kin samu difulom ɗinki, kika zama ke ce mai ɗaki, mutane suka san hannunki, lokacin ki rina shi shuɗi ma ƙarƙashin kallabi, ba mai tambaya.

Shawarar mamarki kuma, ki ba ta haƙuri. Kada ki yi gaggawar ɗora baƙin rini kan gashin da bai gama farfaɗowa daga na farko ba, karyewa zai yi. Yawancin baƙin rinin kasuwa, har da abin da ake ce ma baƙin lalle, suna da wani sinadari, PPD, da ke sa wasu kumburin fuska da ƙuraje masu ruwa. Na taɓa karɓar amarya da idanunta suka rufe ruf saboda shi, ana gobe ɗaurin aure. In dai sai kin shafa, ki ɗiga kaɗan bayan kunne, ki jira awa 48.

Abin da ya fi sauƙi: ki tsefe mesh ɗin yau, a yi miki shuku ko kitson baya da gashinki, ƙanana, ba jela. Gashi yana tsirowa kamar santimita ɗaya a wata, jan zai yi ta ja da baya da kansa. Ki sayi hular ciki mai kama kai, ko ta jaka guda ce, guda biyu don ki riƙa wanki. Hijabin aiki gajere, a cusa shi cikin buluz. Zumbulelen hijabin nan da ke share gadon wannan ya je ya shafi mikin wancan, shi ya fi jan gashinki haɗari nesa ba kusa ba, amma ba kasafai ake korar kowa a kansa ba, tunda yana kama da kamun kai.

Gobe ki riga manjo isowa. Ki gaishe ta, ki miƙa mata hannuwanki ta ga akaifu a yanke, ki ce Madam na gyara. Kada ki ɗauko zancen gidan rawa, ita ma ta san abin da ta faɗa. Ki tambaye ta yadda za ki rama kwanakin da kika rasa, ko da aikin dare ne. Daga nan ki biya makaranta ki nemi a ba ki dokokin sutura a rubuce, ki karanta su kafin bikin gaba.