Na zamne bai ga gari ba: amsoshin tambayoyinku kan talauci, ci-rani da dabara

Wata malama daga Boɗinga ta tambaya: shin talaka da matalauci duk ɗaya ne?

Malama, ba ɗaya ba ne, ko da yake bakin yau ya cakuɗa su. A asali talaka kishiyar basarake ne, wato wanda ba ya riƙe da sarauta. Shi ya sa ake cewa "talakawan sarki", alhali a cikinsu akwai attajirai masu shanu da rumbuna. Wanda ba shi da abin hannu shi ne matalauci. Matsiyaci ya fi zafi, don tsiya takan haɗa rashi da mugun hali, kuma zagi ce. Faƙiri da miskini daga Larabci muka aro su, kamar yadda arziki ya fito daga rizƙu.

Wani ɗalibi daga Gwadabawa ya rubuto cewa: "Malam, muna cewa zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi. Muna kuma cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Matashin da talauci ya dama, wanne zai bi?"

Ɗana, karin maganar nan biyu ba faɗa suke yi ba, kowace da wanda take yi wa magana. Ta farko tana zaburar da wanda ya ƙi motsi. Kifin da ya lafe a gurbi ɗaya, ko masunci ya gano shi, ko ruwa ya janye ya bar shi a taɓo, kamar yadda ake gani a fadamun Rima da rani. 'Yar'uwarta ita ce "na zaune bai ga gari ba", wadda mu a nan Sakkwato muke cewa "na zamne". Ta biyu kuwa gargaɗi ce ga wanda ya fita ya yanke igiya: gonarsa ta koma saura, ba a saka shi a shawara, ya dawo baƙo a gidan ubansa.

Kalmar da ta sulhunta su ita ce ci-rani. Ɗan ci-rani yakan fita bayan an kai amfanin gona gida, ya rage wa rumbu baki, ya nemo kuɗi, ya dawo kafin ruwan shuka. Ƙasarmu ta yi suna da wannan tun da daɗewa. A ranin 1952 zuwa 1953 an ƙidaya masu fita daga Lardin Sakkwato, masanin labarin ƙasa Mansell Prothero ya rubuta sakamakon, kuma da yawa gonakin koko na ƙasar Yarabawa da ƙasar da ake kira Gana a yau suka nufa. Masu nisan zango har suna gare su, 'yan tuma da gora. Kafin su akwai fatake, masu bin madugu zuwa Gwanja ɗaukar goro. Akwai kuma tafiyar neman ilimi, irin wadda Shehu Usmanu ya yi zuwa Agadas wajen Malam Jibrilu.

Duk waɗannan tafiya ce mai dalili da ranar dawowa, ita ce ake kira mabuɗin ilimi. Wadda ba ta da su sunanta yawo ko gantali. Abin da ke damuna shi ne yaranmu da yawa suna shekara goma a Legas ko Fatakwal suna tura baro, su dawo da waya da takalmi, ba su dawo da sani ko ɗaya ba. Mutum ya yi dakon albasar garinsu a kasuwar Mil 12 ta Legas, bai taɓa tambayar nawa aka sayo buhun a Gada ba, nawa aka biya mota, nawa dillali ya ci, buhu nawa suka ruɓe a hanya. Amsar tambayoyin nan huɗu ta fi kuɗin dakon amfani.

Wani magidanci daga Wurno ya ce ana yawan faɗa wa matasa su yi "babban tunani" don fita daga talauci. Yana so ya san bambancin wannan da saƙar zuci.

Malam, tambayarka ta yi kyau. Saƙar zuci ita ce mutum ya kwanta yana gina bene a ransa, ya sayi mota, ya yi aure, duk bai tashi daga tabarma ba. Hausa ba ta yaba ta. Abin da take yabo shi ne dabara, da basira, da hangen nesa. Dabara tunani ce da ke da hannu da ƙafa: an ga matsala, an hango mafita, an gwada. "Ruwa na ƙasa, sai ga wanda bai tona ba" tana nufin abin yana nan kusa, amma sai wanda ya yi zaton akwai shi ne zai ɗauki magirbi. Zaton nan kuwa gani ke haifar da shi, don da wuya mutum ya hango abin da bai taɓa ganin makamancinsa ba.

Mu tsaya a kan albasa, tunda ita muka sani. Manoman rani suna cire ta kusan lokaci ɗaya, wajen Maris da Afrilu, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi. Bayan 'yan watanni kuma ta yi tsada. Kowa ya san haka, kowa yana so ya adana, amma rudu, wato rumfar ajiyar albasa, ba ya gyara albasar da aka ɓata tun daga gona. Mai dabara yakan daina ban ruwa kamar mako biyu kafin cira, ya jira ganye ya kwanta da kansa. Ba ya ɗura mata takin yuriya a ƙarshe, don yana sa wuya ya yi kauri, kuma mai kaurin wuya ba ta ajiyuwa. In ya cire, sai ya bar ta ta sha iska har wuyan ya bushe ya tsuke, sannan ya yanke ganye ya bar ɗan tsawo kamar gaɓar yatsa biyu. Wanda ya yanke daf da kai ya buɗe wa ruɓa ƙofa. Sai ya ware masu rauni da masu tsaga ya sayar nan take. Rudun kuma a ɗaga shi daga ƙasa, iska na shiga ta ƙarƙashi, jinka ba ta yoyo, ba a tula albasar da zurfi har ta ƙasa ta yi gumi. A riƙa dubawa ana tsince wadda ta fara laushi ko tsiro, musamman in damina ta kama.

Kuskuren da ya fi yawa ba na gona ba ne, na lissafi ne. Mutum ya ci bashin taki da man injin ban ruwa, mai bashi na jira ranar cira, dole ya sayar da arha. Don haka tun kafin dashe ake raba amfanin a zuci: kaso kaza na biyan bashi, kaso kaza na rudu. Wanda zai fara, ya gwada da buhu biyu ko uku a shekarar farko, ya rubuta abin da ya zuba da abin da ya fitar, ya ga nawa ya rage bayan ruɓa da ƙanƙancewa, kafin ya ƙara.