Gidajen da ke kan takardar zanen dandali

Yaro na, ka tambaye ni me ya sa wasu zanukan dandalin opera (wasan kwaikwayo na waƙa) na Faransa a ƙarni na 19 suke da layuka a gicciye kamar gidan dara, kuma me ya sa ginshiƙan baya suka zama 'yan ƙanana. Ajiye burushin nan ka saurara.

Takardar nan umarni ce ga ma'aikata, shi ya sa aka raba ta gida-gida. Maigida ya zana a ƙarama, yaransa su shimfiɗa ƙaton yadi a ƙasa, su ja masa gidaje daidai yawan na takardar, su kwafe abin da ke kowane gida da gawayi. Sai su hau kan yadin a tsaye, da burushi mai dogon mariƙi. Fentinsu garin launi ne da aka dama da gam ɗin fata. Ba ya ƙyalli, amma in ya bushe yakan yi haske fiye da yadda yake a jiƙe, dole hannu ya san wannan tun wajen damu.

Ƙanƙantar ginshiƙai kuwa dabarar nuna nisa ce. Sai dai tana da tarko: mawaƙi ya matsa baya da yawa, sai ya kere ginin tsawo, asiri ya tonu. Don haka sukan yanka kwali su haɗa ɗan ƙaramin dandali, su duba inda mutum zai tsaya kafin a taɓa yadi.

Wanda na fi girmamawa cikin masu zanen dandalin nan shi ne Pierre Cicéri na gidan opera na Paris. A 1822 aka fara haska dandalin da fitilar gas, wadda ake iya ƙara ta a rage ta, sai ya riƙa yin zane da haske a ransa. A 1828 ya kwaikwayi aman wutar dutsen Vesuvius na Italiya a kan dandali, a gaban 'yan kallo. A 1831, cikin operar Robert le diable ta mai tsara kiɗa Meyerbeer, ya yi kangon gidan ibada a farin wata, zanen da ya fi fito da sunansa. Hasken gas yana da ruwan ɗorawa, yana kashe shuɗi, dole mai zane ya yi lissafin haka.

Gobe ka ɗauko takarda, ka ja mata gida goma a tsaye, goma a kwance. Launin da ka dama kuma kada ka yanke masa hukunci a rana, ka kai shi ƙarƙashin fitilar da za a kunna daren wasa.