Amsar Kawu a kan 'yan halittun da ba sa faɗa

Ɗana, bayan gaisuwa. Saƙonka ya iso. Ka ce ka tsinci tsohuwar Game Boy ɗina, na'urar wasan nan ta hannu, a akwatin Inna, ka zuba mata batir huɗu ta tashi. Kana tambaya me ya sa abokin gaba na farko a waɗannan wasanni bai iya komai ba sai tafiya, kuma a zamaninmu kashe shi ake yi ko ƙyale shi.

Al'ada ce ta maƙeran wasa na Japan, da gangan suke yin ta. Na'urar ta fito a 1989, allonta bai cika tafin hannu ba, kala huɗu kacal, daga kore mai haske zuwa mai duhu. Babu wurin dogon bayani, mu kuma kaset yakan zo mana ba kwali ba takarda. To wa zai koya wa yaro? Ɗan halittar nan da kake rainawa. A Super Mario Land yana tahowa sannu a hankali, a shimfiɗaɗɗen fili. In ka tsaya ya taɓa ka, ka rasa rai ɗaya, ka gane. In ka yi tsalle ka diro a kansa, ya baje. Kakansa Goomba, na wasan Super Mario Bros. na 1985, a ƙarshen aiki aka ƙara shi, don an ga kunkurun da ke cikin abokan gaba ya yi wa sabon shiga wuya.

Amma wanda ya fi zama a raina Waddle Dee ne, na Kirby's Dream Land, 1992. Masahiro Sakurai ya tsara wasan tun yana matashi, da niyyar wanda bai taɓa riƙe na'ura ba ma ya iya kaiwa ƙarshe. Ka dube shi da kyau: ɗan dunƙule, ido biyu, ƙafa biyu, ko baki ba shi da shi. Ba ya harbi, ba ya bin ka. Wani lokaci ka gan shi yana saukowa daga sama riƙe da lema. Kada dai ka haɗa shi da ɗan uwansa Waddle Doo mai ido ɗaya, shi wannan yana watso wuta. Kirby, wanda kake sarrafawa, zuƙe abokan gaba yake yi da baki, kuma a kan Waddle Dee ake koyon zuƙa, da haɗiyewa, da tofar da shi ya zama tauraro ya bugi na gaba. Da Kirby's Dream Land 2 ya zo a 1995, inda Kirby ke gādon ƙarfin abin da ya haɗiye, shi ko ka haɗiye shi ba ka samun komai.

Batun kisa kuwa, a zaurenmu ga yadda muke yi. Na'ura ɗaya ce, mu shida, wanda ya mutu sai ya miƙa wa na kusa. In ƙarami ne ke riƙe da ita, ba mai karɓe masa don ya wuce masa wurin nan, ba kuma mai yi masa dariya in ɗan halittar ya taɓa shi. Sai ya gwada da hannunsa. Wanda hannunsa ya faɗa kuma yakan tashi sama da Kirby ya wuce su, don ba su tare masa hanya ba. Ni har yau haka nake yi, kuma na ji daɗi ƙwarai da na ga a wasan Kirby na 2022 ceto Waddle Dee ɗin ake yi, har da garinsu.

Kai sabo ne, don haka kada ka tsallake su tukuna. Ka zuƙe su ka tofar har hannunka ya saba, saboda a ƙarshen zangon farko akwai bishiya mai fuska da ke zubo tufa, kuma da wannan zuƙa da tofin za ka kayar da ita. In ka gama ka cire batiran, suna zubar da ruwa su ci ƙarfen ciki. Ka gaishe min da mahaifiyarka.