Hukuncin Ma'aikacin da Hawan Keke Ya Shagaltar da Shi daga Gyaran Gidansa

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ma'aikaci ne a wani kamfani mai zaman kansa a Kano, shekaruna 44, ina da mata ɗaya da 'ya'ya biyar. Bayan janye tallafin man fetur a 2023 na ajiye mota na sayi keke, ina zuwa aiki da shi Litinin zuwa Juma'a, kamar minti 35 zuwa, minti 35 dawowa. Daman likita ya ce jinina yana hawa, kuma tun da na fara hawan keken na ji sauƙi ƙwarai. Daga baya na shiga wata ƙungiya ta masu hawan keke, muna fita duk Asabar da asuba, wani lokaci tun kafin a tayar da sallah, mu nufi hanyar Wudil ko ta Bichi, ba ma dawowa sai wajen azahar, in na dawo kuma sai barci. Uwargidana tana ƙorafin cewa rufin ɗakin yara yana yoyo tun daminar bara, famfo ya lalace, kwatar gida ta toshe, ni kuwa na sayi sabon keke mai tsada da kayan sawa irin na 'yan tsere. Ta ce haƙƙinta nake ci, ni kuma ina ganin lafiyata nake nema, wadda ita ma za ta amfana da ita. A wurin aiki nakan makara, sai abokina ya sa mini hannu a rajista. Wani lokaci kuma muna haɗa kuɗi a ƙungiya, wanda ya riga isa ya kwashe. Wasu 'yan'uwana suna cewa hawan keke a shekaruna zubar da girma ne. Ina neman bayani.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ɗan'uwa, Allah ya ƙara maka lafiya, kuma na yaba da yadda ka kawo maganar uwargidanka kamar yadda ta faɗe ta ba tare da ka rage mata ƙarfi ba, domin hakan ya sauƙaƙa amsar.

Hawan keke a asalinsa halal ne, saboda abin hawa ne kamar sauran ababen hawa, kuma ƙa'ida a cikin al'amuran rayuwa ita ce halacci har sai dalili ya zo da hani. Idan aka yi shi da nufin kiyaye lafiya don samun ƙarfin ibada da neman abin da za a ci da iyali, to ya tashi daga halal zalla ya zama abin da ake samun lada a kansa. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa mumini mai ƙarfi ya fi alheri kuma ya fi soyuwa a wurin Allah fiye da mumini mai rauni, kuma a cikin kowannensu akwai alheri. Annabi (SAW) ya ce wa Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi jikinsa yana da haƙƙi a kansa, kuma shi da kansa ya yi tseren gudu da Nana A'isha sau biyu, ta tsere masa a farko, ya tsere mata daga baya, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito. Maganar zubar da girma kuwa ba ta da madogara. Mafificin halitta ya hau jaki ya goya Mu'azu ɗan Jabal a bayansa, kuma iyayenmu a ƙasar nan, malaman makaranta da ma'aikatan En'e, a kan keken Raleigh suka yi aikinsu, babu wanda ya ce girmansu ya faɗi. Mutunci yakan zube ne da ƙarya da cin amana da barin iyali cikin wulaƙanci, kuma a nan ne nake so ka tsaya tare da ni.

Abin da tambayarka ta ƙunsa shi ne haƙƙoƙi da suka taru a kan lokaci ɗaya da aljihu ɗaya, kuma shari'a ta yi maganar wannan tun a Madina. Buhari ya ruwaito cewa Salmanul Farisi ya ziyarci Abu Darda'i, ya tarar da matar Abu Darda'i ba ta kula da kanta, da ya tambaye ta sai ta ce ɗan'uwansa Abu Darda'i ba shi da buƙatar duniya. Salmanu ya sa shi ya karya azuminsa na nafila, ya hana shi tsayuwar dare sai a ƙarshensa, sannan ya ce masa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, ransa yana da haƙƙi a kansa, iyalinsa suna da haƙƙi a kansa, don haka ya ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa. Da labarin ya je wa Annabi (SAW) sai ya ce Salmanu ya yi gaskiya. Ka lura da abin da ya shagaltar da Abu Darda'i daga gidansa: azumi ne da sallar dare, ayyukan da babu mai shakkar falalarsu. Idan har an rage wa mutum waɗannan saboda haƙƙin matarsa, ina ga fitar Asabar a kan keke?

Hujjarka ita ce lafiya, kuma hujja ce ta gaskiya, amma ka duba lissafin da kai da kanka ka kawo. Minti 70 a rana sau kwana biyar ya kama minti 350 a mako. Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar baligi da ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ka ga zuwanka aiki da dawowarka kaɗai ya riga ya cika wannan ma'auni har ya ɗora. Saboda haka abin da yake matsayin magani a wurinka kana samunsa tsakanin Litinin da Juma'a, kuma ba zan ce ka bar shi ba, ita ma uwargidanka bai kamata ta nemi ka bar shi ba. Fitar Asabar kuwa ƙari ce da nishaɗi da zumunci da abokai. Ba haramun ba ce, rai yana da rabonsa na hutu, sai dai ba ta kai matsayin da za ta ture wajibi ba, kuma ba daidai ba ne a lulluɓe ta da sunan umarnin likita alhali likita bai ce a yi awa shida a kan titi ba. Idan likitanka ya ƙayyade maka wani abu na musamman saboda hawan jinin, ka bi abin da ya ƙayyade, ka kuma ci gaba da shan maganin da ya rubuta maka, kada jin sauƙi ya sa ka ajiye shi da kanka.

Gyaran rufin nan wajibi ne a kanka. Mazauni yana cikin ciyarwar da ta hau kan miji da uba, tare da abinci da tufafi. Allah ya ce a Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 6, a zaunar da mata a inda ake zaune gwargwadon samu, kuma kada a cutar da su don a ƙuntata musu, a aya ta 7 kuma ya umarci mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa. Ayoyin sun sauka a kan matan da aka saka, to wadda take ƙarƙashin igiyar aure ta fi cancanta. Mazaunin da ake nufi shi ne wanda yake kare mutum daga ruwa da rana da idon jama'a, ɗakin da ake jera bokitai a cikinsa duk daren da hadari ya haɗu bai cika wannan ba. Da ba ka da hali, da uzurinka a bayyane yake, domin Allah ba ya ɗora wa rai sai abin da ya ba shi. Amma wanda ya iya sayen keke na biyu mai tsada alhali na farko yana kai shi aiki, ya nuna da hannunsa cewa yana da kuɗin kwano da ƙusa da ladan kafinta. Annabi (SAW) ya ce ya ishi mutum zunubi ya tozartar da wanda ciyar da shi yake kansa, Abu Dawuda ne ya ruwaito. Ina jin nauyin wannan hadisi a kanka, domin yaran da suke kwana a ɗakin da yake yoyo ba su da wanda za su kai wa ƙara sai kai.

Kwatar da ta toshe ta fi yadda kake ɗaukarta haɗari. Ruwan da ya kwanta shi ne mahayayyafar sauro, sauro kuma shi ne yake kawo zazzaɓin da yake kwantar da ƙananan yara duk damina, sannan ruwan kwata ba ya tsayawa a gidan mai shi, yakan gangara ƙofar maƙwabci ko ya jiƙa gindin katangarsa. Hadisin da ya ce babu cuta babu cutarwa ya shafi wannan kai tsaye. Mutumin da yake neman lafiyar jikinsa a hanyar Wudil alhali ya bar abin da yake kawo ciwo a tsakar gidansa, ya kamata ya sake duba abin da yake kira neman lafiya. Kuma kada ka ɗauka cewa kama shebur da tsintsiya ya saɓa wa matsayinka. An tambayi Nana A'isha me Annabi (SAW) yake yi a gida, ta ce yakan kasance cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin sallah ya yi sai ya fita, Buhari ya ruwaito, a ruwayar Ahmad kuma ta ce yakan ɗinke tufarsa ya gyara takalminsa. Yasar kwata da ɗaukar yashi ma aikin ƙarfi ne da zai sa ka gumi, ga kuma ladan sauke wajibi.

Hukuncin dai shi ne, uwargidanka tana da gaskiya a wannan ƙorafi. Wajibi ne ka gyara rufin da famfon da kwatar kafin ruwa ya sake sauka, ko da hannunka ko ka ɗauko mai gyara ka biya shi, domin abin da shari'a take nema shi ne a gyara. Idan babu kuɗi a hannu sai an sayar da sabon keken, to ka sayar da shi ka riƙe tsohon. Duk Asabar ɗin da fitarka za ta hana wannan gyara, fitar ba ta halatta gare ka ba har sai ka sauke shi. Bayan an gama, babu laifi ka koma fita da abokanka gwargwadon da ba zai cinye ranar da iyalinka suke ganinka ba, kamar ka fita Asabar ɗaya ka zauna ɗaya, ko ka taƙaita tafiyar ka dawo da hantsi, kuma ka yi shawarar wannan da ita, ka nemi afuwarta a kan abin da ya wuce.

Batun rajista ya fi komai tayar mini da hankali a cikin wasiƙarka, ko da yake a layi ɗaya ka ambace shi. Ma'aikacin da ake biya albashi a kan awanni sanannu ya sayar da waɗannan awanni ne, ba nasa ba ne kuma, kuma Allah ya buɗe Suratul Ma'ida da umarnin cika alƙawura. Sa hannu a madadin wanda bai iso ba shaida ce ta ƙarya, kai da abokinka kun yi tarayya a cikinta, kuma hadisin Muslim ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Kuɗin da ya yi daidai da lokacin da ba ka yi aiki ba, ba ka cancance shi ba. Ka tuba, ka hana abokinka sake yi maka, sannan ka nemi yafiyar wanda yake da ikon yafewa a kamfanin, ko ka rama awannin da saninsa. Maganin makarar kuwa a hannunka yake, tun da ka san keke ba ya gudu kamar mota, sai ka fito da wuri da gwargwadon abin da zai ishe ka isa, ka share gumi, ka sauya riga kafin lokacin fara aiki.

Sallar asuba ba a gina ta a kan lokacin tashin ƙungiya, ƙungiya ce take gina tashinta a kan sallah. Idan kun fita kafin a tayar sannan kuka tsaya a hanya kuka yi ta cikin jam'i kafin lokacinta ya fita, sallarku ta inganta. Idan kuwa ana barinta sai rana ta fito saboda kada a rabu da ayari, wannan babban zunubi ne, domin Allah ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 103, sallah farilla ce mai ƙayyadadden lokaci a kan muminai. Abin da na fi so muku shi ne ku yi ta a masallaci sannan ku hau, ga falalar wanda ya sallaci asuba yana cikin kariyar Allah, ga kuma gari ya fara wayewa direbobin manyan motoci suna iya ganinku. Sanya hular kwano da fitila da bin hannun da doka ta tsara duk suna cikin kiyaye rai, kada a yi wasa da su.

Kayan 'yan tsere kuma, al'aurar namiji tsakanin cibiya ce da gwiwa a wurin mafi yawan malamai. Malamanmu na mazhabar Malik sun ce cinya al'aura ce amma ba ta kai tsananin tsiraici ba, kuma sun karhanta tufar da take matse jiki har ta fitar da siffar al'aura. Ka ɗora wando mai ɗan yalwa wanda ya rufe gwiwa a kan matsattsen, musamman da yake kuna ratsa ƙauyuka da kasuwanni, kuma da shi za ka tsaya sallah.

Kuɗin da kuke haɗawa wanda ya riga isa ya kwashe caca ce, domin kowannenku yana tsakanin ya ci na wasu ko a ci nasa, kuma ƙanƙantar kuɗin ba ta sauya hukuncin. Hadisin Abu Huraira ya taƙaita sanya lada a tsere ga harbin kibiya da raƙuma da dawaki, saboda su ne kayan shirin jihadi, sauran tsere kuwa ya halatta idan babu kuɗi a tsakani. Idan wani na waje wanda ba ya cikin masu tseren ne ya sanya kyauta daga aljihunsa, malamai da dama na wannan zamani sun halatta karɓarta. Karo-karon da kuke yi don sayen ruwa da abinci ko gyaran tayar wanda ta fashe a hanya babu komai a cikinsa. Abin da ka taɓa ci na waccan caca, idan ka san masu shi ka mayar musu, idan ba za ka iya tantance su ba ka bayar da kwatankwacinsa ga mabuƙata.

Allah shi ne mafi sani.